Roƙon Tallafi: Lambun Makarantarmu na Neman Ruwa da Shinge

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Iyayenmu malamai, dattawan unguwa, iyaye mata, 'yan kasuwarmu da tsofaffin ɗalibai na kusa da na nesa, wannan saƙo ne daga kwamitin makarantar Islamiyyar unguwarmu da ke Kurna, a nan birnin Kano. Mun zo da ƙoƙon bara ne a kan ɗan lambun da muka fara a bayan makaranta, kuma muna so ku san yadda abin ya faro kafin mu faɗi abin da muke nema.

Duk wanda ya san makarantar ya san filin nan na bayanta, wajen rabin fuloti. Bawan Allahn da ya ba da waƙafin wurin ya bar shi ne don a ƙara ajujuwa, amma kuɗin gini bai samu ba, sai filin ya koma juji. Leda, fasassun kwalabe, tsummokara, da damina kuma ruwa ya kwanta sauro ya yi gida. Ajin da tagarsa ke kallon wajen, sai an rufe ta ake iya karatu. Bana bayan Babbar Sallah, da ruwa ya zauna, matasan unguwa suka yi gayya Asabar uku a jere, suka kwashe sharar baro-baro. Iyaye mata kuma suka riƙa aiko yara da kashin ragunan layya da tokar murhu. Da wannan muka gyara ƙasar, muka ja komaye, muka zuba alayyahu da rama da yakuwa da kuɓewa, muka jera zogale a gindin katanga.

Ba a cika wata guda ba muka yanki alayyahun farko.

Akwai wata yarinya 'yar aji uku da ba zan manta da ita ba. Wata safiya ta tsaya a kan komin kuɓewa tana kallon furen, ruwan ɗorawa mai jan ciki, ta ce da malaminsu, "Malam, wannan na ado kuka shuka?" Ya ce ta ɗaura zare a jikin reshen, ta dawo bayan kwana biyar. Da ta dawo ta tarar da ɗan kuɓewa kamar yatsanta a inda furen yake, sai ta ruga aji tana kiran ƙawayenta su zo su gani. Yarinyar nan a Kano aka haife ta, miyar kuɓewa take ci tun da aka yaye ta, amma ba ta taɓa ganin inda take fitowa ba. Mu da muke tsaye a wajen daɗi ya kama mu, jikinmu kuma ya yi sanyi.

Don ba haka Kano take ba a da. Ganuwar birni ba gidaje kaɗai ta kewaye ba, har da gonaki da kududdufai, kuma Baturen nan na Jamus, Barth, da ya shigo Kano a 1851 ya tarar da filayen noma masu faɗi a cikin badala. Dattawanmu suna ba da labarin yadda mutanen karkara ke shigowa da jakuna ɗauke da itace, su koma da mangala cike da toka da taki daga jujin birni su kai gona. Abin da muke kira shara yau, su abin nema ne a wajensu. Yanzu an cike kududdufan, an gine filayen, kayan miyarmu kuma sai an ɗauko su daga Kadawa da Kura da Garun Malam da Bunkure, inda ruwan madatsar Tiga, wadda aka gina zamanin Gwamna Audu Bako aka kammala a 1974, yake shayar da noman rani. Daga can a kawo 'Yankaba, daga 'Yankaba zuwa mai tebur na bakin layi, kowane zango da kuɗin motarsa. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, kowace uwar gida ta san yadda kashin tumatir ya ƙanƙance. Waɗanda suka tuna 2016 kuma sun tuna shekarar da tsutsar sharon ta cinye gonakin tumatir, har gidaje da yawa suka koma miyar kuka da busasshiyar kuɓewa dole.

Allah ya saka wa manoman nan da alheri, su ke riƙe da mu, kuma ba mu ce rabin fuloti zai ciyar da unguwa ba. Abin da ya yi dai ga shi. Mun kasa amfanin kashi uku. Kashi ɗaya yana zuwa gidajen marayun da ke karatu a makarantar, yaro ya tashi ya tafi wa mahaifiyarsa da ƙullin ganye da kuɓewa ba tare da kowa ya ji ba. Kashi ɗaya ana kai wa matar malamin tsangayar da ke maƙwabtaka da mu, ta sa a tukunyar almajirai. Na ukun ana sayarwa a bakin makaranta da rangwame, kuɗin a sayi iri da alli. Wata baiwar Allah da mijinta ya rasu bara ta aiko mana da saƙo cewa tun da aka fara yankar rama ba ta kwana da tunanin abin da za ta kwaɗa wa yara da rana ba. Wannan saƙon ne ya sa muka ce lambun nan ba zai mutu da ɗaukewar ruwa ba, in Allah ya yarda.

Ga kuma damina tana bankwana. Hunturu shi ne lokacin da lambu ya fi albarka a ƙasar Kano, lokacin tumatir da latas da kabeji da karas da albasa, amma ɗigo ɗaya ba zai sauko daga sama ba sai wata daminar. Famfo ya daɗe rabonsa da layinmu. Abin da muke da shi tsohuwar rijiya ce a tsakar makaranta, ta guga, bakinta ya zaizaye. A 'yan kwanakin da ruwa ya yi fashi a watan Yuli, manyan ɗalibai ne suka riƙa ja suna kaiwa da bokiti, har ranar da santsi ya kwashi wani yaro a bakinta, Allah ya tsare, abokinsa ya riƙo rigarsa. Daga ranar kwamiti ya hana kowane ɗalibi kusantar ta. Mun gwada 'yan garuwa, muka ga kuɗin kura biyu a kullum ya fi ƙarfin abin da ganyen ke kawowa.

Saboda haka babbar buƙatarmu ruwa ce. Muna so a yashe rijiyar a ƙara mata zurfi don ta kai mu bazara, a ɗaure bakinta da siminti a yi mata murfi mai kwaɗo. A sa mata famfo mai aiki da hasken rana, a kafa tanki mai cin lita 2,000 a kan ƙafar ƙarfe, a ja tiyo zuwa lambu. Mun zaɓi sola ne a kan janareta don sau ɗaya ake sayenta, shi kuwa janareta kullum sai ya sha mai, ga ƙara a kunnen masu hadda. Ruwan kuma ba na shuka ba ne kaɗai: yara za su yi alwala da shi, za mu fitar da kan famfo ɗaya waje don maƙwabta su ɗiba safe da yamma. Masu karatu sun san yadda Sayyidina Usman, Allah ya ƙara masa yarda, ya sayi rijiyar Ruma a Madina ya bar wa Musulmi su sha. Ƙofar irin wannan ladan ce a buɗe, bakin gwargwado.

Buƙata ta biyu shinge. Dangar kara muka yi da farko don ita muke da hali. Kun san Alhamis da Juma'a ba a karatu, makaranta shiru take. Wata Asabar muka buɗe ƙofa muka tarar awaki sun ture dangar, sun zage zogalen nan tas, sai tsirara sanduna a tsaye, sun tattake komi biyu na alayyahu. Yaron da aka ba shi kula da layin zogalen, wanda kullum shi ne farkon zuwa, ya tsuguna a wajen yana share hawaye da hannun riga. Ba mu ga laifin masu awakin ba, dabba ce ta ga kore, kuma da yawa kiwon nan shi ne jarin iyayenmu mata. Zogalen ya sake tofowa, don shi ba ya saurin mutuwa, amma ba za mu yi dashen tumatir a wurin da ba shi da tsaro ba. Muna neman bulo da siminti da yashi na jeri uku, ragar waya a sama, da ƙofar ƙarfe ɗaya.

Sauran abubuwan ƙanana ne, kuma yawancinsu suna nan a gidajenku ba a amfani da su. Muna karɓar buhunan shinkafa da na siminti da aka juye, tsofaffin bokitai da robobi ko sun fashe, fartanya, shebur, manjagara, baro. Buhunan muna so su kai 200, don gefen da ƙasarsa ta yi tsakuwa noman buhu za mu yi: a huda gindin buhu don ruwa ya tsane, a cika shi da ƙasa kashi biyu da ruɓaɓɓen taki kashi ɗaya, a dasa tumatir ko attaruhu. Masu kiwon kaji da tumaki, kada ku zubar da kashinsu, ku aiko a kira yara su kwasa. Ba ma sa shi ɗanye, musamman na kaji, don yana ƙona saiwa. Rami muka haƙa a kusurwa, muna zuba shi tare da busasshen ganye da ɓawon kayan miya da toka, a yayyafa ruwa, a riƙa juyawa bayan mako bibbiyu, cikin wata biyu zuwa uku ya zama baƙar ƙasa mai laushi wadda ba ta wari. Maganin ƙwari kuma ganyen darbejiya muke dakawa mu jiƙa ya kwana, a tace, a sa ɗan sabulu, a fesa da yamma. Mun ɗaure wa kanmu cewa maganin feshi na kanti ba zai shiga lambun nan ba, don yara ne ke aiki a ciki, ganyen kuma cikin 'yan makonni yake shiga tukunya. Wanda ya taɓa ganin irin ruwan da ake ban-ruwa da shi a wasu lambunan bakin Jakara zai gane darajar latas ɗin da ka san abin da ya sha.

Muna kuma roƙon ilimi. A cikin tsofaffin ɗalibanmu akwai waɗanda suka karanci aikin gona a Jami'ar Bayero ko Kwalejin Audu Bako ta Dambatta, akwai masu aiki a KNARDA, hukumar bunƙasa noma da raya karkara ta jihar Kano, akwai kuma dattawan da suka yi shekaru suna lambu da jigo tun ba a san injin ban-ruwa ba. Ku ba mu Asabar ɗaya a wata. Mu malaman makaranta ne, da tambaya muke yin abin da muke yi, kuma tumatir ya fi alayyahu rigima.

Wani uba ya tare ni bayan sallar Isha ya ce, "Malam, mun kawo yara karatu ne ko noma?" Tambayarsa a kan hanya take, kuma na san ba shi kaɗai ke da ita ba. Ba a taɓa lokacin karatu ba ko na minti ɗaya. Rabin awa ce bayan an tashi, aji ɗaya a rana, sai safiyar Asabar ga wanda iyayensa suka amince. Kuma a cikin hadisan da yaran ke haddacewa akwai wanda Bukhari da Muslim suka ruwaito daga Anas ɗan Malik, cewa babu Musulmin da zai dasa dashe ko ya shuka shuka, tsuntsu ko mutum ko dabba su ci daga ciki, face ya zama sadaka a gare shi. Ranar da awakin nan suka yi ɓarna, da wannan hadisin malaminsu ya rarrashi yaron. Burinmu shi ne idan iri ya yi kyau, kowane ɗalibi ya tafi gida da buhu ɗaya da dashe biyu. Tsakar gidan haya ma tana da kusurwar da rana ke taɓawa, kuma ruwan alwala da na wankin shinkafa da ake kwararwa a rariya ya ishi buhu guda.

A kan amana, ga yadda muka tsara. Ba mu faɗi jimillar kuɗi a nan ba don farashin siminti da na sola ba ya zama wuri ɗaya, amma ƙiyasin da masu aikin suka ba mu yana manne a allon sanarwa na makaranta, ana sabunta shi. Duk abin da aka kawo, kuɗi ko kaya, ma'ajin kwamiti zai ba da rasit ya shigar a littafin lambu, wanda ba a haɗa shi da na kuɗin makaranta. Juma'ar ƙarshen kowane wata za a karanta abin da ya shigo da abin da aka kashe a masallacin unguwa. Wanda ba ya son a ambaci sunansa za a rubuta bawan Allah. Wanda ya fi son ya sayi bulo ko tanki da kansa ya kawo, wannan ya fi mana sauƙi ma. Ba mu aiki kowa gida-gida ba, don haka duk wanda ya zo muku da sunan lambun ba tare da rasit ɗin makaranta ba, kada ku ba shi. Idan abin da aka tara bai kai duka ba, da shinge da murfin rijiya za mu fara, sai tanki, sola ta biyo baya.

Lokaci ne yake ɗan matsa mana. Irin tumatir a watan Oktoba ake zuba shi, a yi dashe a Nuwamba, don ya yi fure cikin sanyi. Idan aka makara har zafin Maris ya riske shi, furen zubewa yake yi. Muna fatan kafin azumi latas da tumatir ɗin buɗa-bakin gidajen marayun nan su fito daga bayan makarantarsu.

Ana samun ma'aji da sakatare a ofishin makaranta daga Asabar zuwa Laraba, tsakanin La'asar da Magariba. Iyaye mata za su iya bai wa malamar ajin matan aure, ita ma da rasit a hannunta. Asabar mai zuwa bayan sallar Asuba akwai gayyar haƙa tushen shinge, mai diga ko shebur ya taho da abinsa, iyaye mata sun ɗauki nauyin koko da ƙosai.

Allah ya saka da alheri, ya sanya a mizani, ya jiƙan magabatanmu.

Sakataren kwamiti, a madadin shugaba da sauran mambobi.