Zuwa ga ɗana mai koyon aikin lauya a Ingila

Assalamu alaikum, ɗana.

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya. Tunda an tura ka kotun manyan laifuka, ina so wani abu ya zauna maka tun da wuri. A gida alƙali kaɗai ke yanke hukunci. A can mutum 12 ne daga cikin jama'a, 'yan juri, ke cewa an yi laifi ko ba a yi ba, don haka mai son murɗe shari'a kansu yake nufa.

Sabon lauya da ya ji an yi wa ɗan juri katsalandan sai ya miƙe yana neman a ɗaure mutum nan take da laifin raina kotu. Kada ka yi wannan gaggawa. A irin wannan hukunci alƙali shi ne mai ƙara, shi ne mai yankewa, wani lokaci ma shi ne shaida. Shi ya sa a shari'ar Balogh, a 1974, kotun ɗaukaka ƙara ta ce ba a amfani da wannan iko sai in lamarin ba ya jira. Ko an yi amfani da shi, dokar raina kotu ta 1981 ta tsayar da ɗaurin a shekara 2. Wanda ya tsorata ɗan juri kuwa, sashe na 51 na dokar shari'ar laifuka ta 1994 ya tanadar masa har shekara 5, amma sai 'yan sanda sun yi bincike an gurfanar da shi kamar kowa. Ni na fi natsuwa da wannan hanyar, domin hukuncin da aka yi cikin fushi shi ake rushewa a kotun sama.

Kuma ba kowace magana ce katsalandan ba. Tun shari'ar Bushel a 1670 ba a hukunta ɗan juri saboda abin da ya yanke. A 2024 Babbar Kotu ta ƙi yarda a tuhumi wata mata, Trudi Warner, da raina kotu don ta riƙe kwali a wajen kotu tana tuna wa 'yan juri wannan haƙƙi.

In labari ya zo maka, rubuta lokaci da wuri da ainihin kalmomin da aka faɗa. Ka sanar da babban lauyanka, a kai wa alƙali bayan 'yan juri sun fita. Kada ka kuskura ka tunkari ɗan jurin, kada ka tambayi abin da suka tattauna a ɗakinsu. Wannan tambayar kanta laifi ce. Alƙali na iya sallamar mutum ɗaya a ci gaba, muddin ba su gaza 9 ba. In ɓarnar ta yi yawa, dokar shari'ar laifuka ta 2003 ta ba shi damar sallamarsu duka ya ƙarasa shari'ar shi kaɗai.

Mahaifiyarka na gaishe ka. Allah ya yi maka albarka.

Mahaifinka.