Ina mai son barin giya zai dosa?

Assalamu alaikum Edita,

Ka ba ni fili in tofa albarkacin bakina. Hisbah na fasa kwalabe a Kano, to amma wanda giyar ta riga ta kama fa, ina zai dosa? Ko na gida kunya ba ta barinsa ya faɗa wa.

A Amurka, tun 1935 ƙungiyar Alcoholics Anonymous ke haɗa masu son bari suna ƙarfafa wa juna gwiwa, kyauta, ba a tambayar cikakken sunan kowa. Ina roƙon asibitocin ƙwaƙwalwa na Dawanau da Barnawa su shirya irin wannan zama da Hausa, ku kuma ku riƙa buga mana ranar zaman da inda za a yi shi.

Wanda ya daɗe yana sha kuwa ya fara ganin likita, don yankewa farat ɗaya kan jawo jijjiga.

Naka,
Mai karatu daga Fagge, Kano