Amsa ga mai tambaya: me ya sa har yanzu ake kwashe mana kuɗi ta waya?

Assalamu alaikum ɗan'uwa. Ka tambaye ni a bainar jama'a cewa tunda an yi dokar laifukan intanet tun 2015 har aka gyara ta a 2024, ga ngCERT, wato sashen kai ɗaukin gaggawa kan hare-haren intanet, a ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro, ga makarantar horar da hafsoshin soja ta NDA da cibiyar fasaha ta sojojin sama ta AFIT nan Kaduna suna koyar da tsaron intanet, to me ya sa kullum ake damfarar mutanenmu?

Ni dai a ganina ana ta horar da ƙwararru amma ba a duba yadda muke zaune da juna. Ka tsaya wajen mai POS a Kasuwar Gumi ko Kawo, za ka ga dattijo ya miƙa kati ya faɗi lambar sirri da ƙarfi, "ɗana danna min", don a wajensa ɓoye wa yaron lambar kamar ya ce masa ɓarawo ne. Ga Hajiya a cikin gida, ƙaninta ne ya buɗe mata asusun, saƙon banki da Turanci yake shigowa, sai wani ya kira da murya mai daɗi ya ce daga banki ne za a rufe asusunki in ba ki karanto lambobin da aka turo ba, wallahi karantowa za ta yi, ai mun taso ba a yi wa ma'aikaci gardama.

Abin da ya fi ci min rai shi ne bayan kuɗin sun tafi. Kunya ta hana a faɗa, sai a ce ƙaddara ce Allah ya mayar da alheri, ba a je banki ba balle 'yan sanda, ɗan damfaran kuma gobe da wannan layin zai kira maƙwabciyarta. Hukuma ta yaya za ta bi sawun abin da ba a kai mata ba?

Don haka a sa liman ya faɗa ranar Juma'a cewa banki ba ya tambayar lambar sirri, a faɗa a Rediyon Tarayya Kaduna da Hausa, a shiga Islamiyyun matan aure a Rigasa da Tudun Wada. Matasan da ake horarwa a 3MTT kuma, wato shirin gwamnatin tarayya na koya wa mutum miliyan uku fasahar zamani, a tabbatar akwai mata da yawa a cikinsu, don su ne za su iya shiga cikin gida su zauna da Hajiya su nuna mata yadda za ta canza lambarta da kanta.