Baba Fasto, Bangaskiyata Ta Zama Ciniki

Baba Fasto,

Ina gaishe ka cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Ina fata kana lafiya, da Mama da yara. Ni mai sauraron shirinka ce na daren Lahadi, kuma na fi wata shida ina son in rubuto, kunya tana riƙe mini hannu. Roƙona na farko, kada a ambaci sunana. Ka san zango, magana ba ta kwana.

A nan Kumasi ta ƙasar Ghana aka haife ni, a unguwar Asawase. Iyayena daga wajen Garu suka sauko, babana ya yi ƙwadago a gonakin koko kafin ya samu ɗaki a zango. Da Hausa muka tashi, da ita muke sujada a 'yar majami'armu da ba ma cika mutum 80 ranar Lahadi. Shekarata 43, 'ya'yana huɗu. Sana'ata wake da shinkafa, wanda Tonawa, wato mutanen Ashanti, suka mayar waakye. Ƙarfe biyu na dare nake tashi in hura gawayi, in jefa karan dafi a tukunya don launi, kafin masallacin bayanmu ya kira asuba na jera taliya da gari da ganda da ƙwai a kan tebur.

Da an tambaye ni shekara uku da suka wuce, da na ce ni mai bangaskiya ce, ba tare da na yi shakka ba. A watan Mayu na 2019, ranar da babban bankin ƙasa ya soke lasisin ƙananan kamfanonin ajiya 347, kuɗina na cikin ɗaya daga cikinsu. Zumuntar mata suka taya ni azumi da addu'a, bayan shekara da wani abu kuɗin ya fito, na tsaya gaban ikilisiya na ba da shaida har da rawa. Kullen korona na sati uku a 2020 ya zo ya wuce, ba mu kwana da yunwa ba. Tsadar 2022 ma, da aka ce hauhawar farashi ta haura kashi 54 cikin ɗari, na rage cokali na ci gaba. Sai na ɗauka bangaskiya ke nan: ka roƙa, ka ɗan jira, a ba ka.

Maigidana direban babbar mota ne, albasa yake ɗaukowa daga Galmi ta Nijar. Da aka yi juyin mulki a can a watan Yuli na 2023 aka rufe iyaka, motarsa na cikin waɗanda suka maƙale a hanya. Sati-sati suna zaune, albasa tana ruɓewa a bayansu, masu kaya suna bugo waya ba dare ba rana. Ya dawo a rame, ba ya barci. Ashe yana da hawan jini, ba mu sani ba, don shi mutum ne da ba ya zuwa asibiti. Wata safiya cikin Nuwamba ina bakin tebur aka aiko yaro da gudu, wai ya faɗi a ƙofar banɗaki. Ɓarin dama ya shanye, magana ta ɗauke. Likitoci sun yi ƙoƙarinsu. Suka ce jijiyar jini ce ta toshe a ƙwaƙwalwa, zai sha ƙwayar hawan jini kullum har iyakar ransa, a riƙa kai shi gashin ƙashi, sauran kuma sai abin da lokaci ya nuna.

Na yi abin da na saba. Na yi azumi, na kira zumuntar mata, na jira. Wata uku, babu abin da ya motsa ko ɗan yatsa.

Nan ne wata maƙwabciyata a wurin sana'a, Batona mai sayar da burodi, ta ce in zo ta kai ni wurin wani annabi. Ba zan faɗi sunansa ko unguwarsa ba. Suna da abin da suke kira akwankyere, wato nuna hanya: ka biya, a ba ka lamba, ka zauna a benci har layi ya zo kanka ka gan shi kai kaɗai. Sidi 200 na biya ranar farko. Ya kalle ni, ya faɗi cewa akwai marar lafiya a gidana, kuma namiji ne. Jikina ya ɗauki rawa. Sai daga baya na tuna cewa na riga na faɗa wa yarinyar da ke rubuta suna a ƙofa. Aka sayar mini da mai a 'yar kwalba, da ruwa, da takarda mai hotonsa ta mannawa a bango. Kowane zuwa akwai "iri" da za a shuka, kuma an ce girman iri, girman girbi.

Abu biyu na yi a dalilin mutumin nan da har yau suke hana ni barci.

Ya ce mini ciwon ba na asibiti ba ne, wata mace ce ta jinin mijina ta ɗaure shi. Mace ɗaya ce ta jininsa a Kumasi, ƙanwarsa, wadda tun daga Tafo take shigo mota kowace Asabar ta wanke masa kaya, ta aske masa gemu. Ban ce mata komai ba. Amma na daina ba shi abincin da ta kawo, ina juyewa a kwata bayan ta tafi. Wata rana ta dawo ɗaukar lemarta ta tarar da ni da kwanon tuwonta a hannu a bakin kwata. Ta kalli kwanon, ta kalle ni, ta ɗauki lemarta ta fita. Wata bakwai ke nan ba ta taka gidan ba. Shi kuwa duk Asabar idonsa na kan ƙofa.

Na biyun ya fi muni. Annabin ya ce wanda ke shan ƙwaya yana addu'a, ya raba zuciyarsa biyu, kuma mai zuciya biyu ba ya karɓar komai daga wurin Ubangiji. Ya buɗe wasiƙar Yakubu sura ta 1 ya nuna mini. Na ɓoye maganin a cikin tukunyar da ba na amfani da ita. Kwana tara. Ran na tara da dare maigidan ya fara amai, yana dafe kai da hannunsa mai lafiya. Da muka isa asibiti nas ta gwada jininsa ta tambaye ni yaushe rabonsa da magani, na yi mata ƙarya na ce ya ƙare ne. Allah ya rufa asiri bai sake faɗuwa ba. Fastonmu bai san wannan ba, yarana ba su sani ba. Kai ne na farko da na faɗa wa.

Ina da littafin da nake rubuta masu cin bashi. A bayansa na riƙa rubuta abin da nake kashewa a wurin annabin. Da na haɗa, sidi 4,300 ne, wato miliyan 43 a lissafin tsohon sidi da uwata ta rasu tana yi. Kuɗin adashina ne da kuɗin makarantar babbar 'yata. An ce wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi, kuma na yi ta lallashin kaina da wannan karin maganar. Amma in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Tun ina yarinya a ajin Lahadi na san labarin Siman na Samariya da ya miƙa wa manzanni kuɗi don ya sayi baiwar Allah, da amsar da Bitrus ya ba shi. Na san Elisha ya ƙi karɓar ko ƙwandala daga hannun Na'aman. Ba jahilci ya kai ni ba. Ina son in biya ne, don wanda ya biya yana da bakin cewa a ba shi kayansa. Kuma da na duba baya sosai, sai na ga azumina na 2019 ma da wannan zuciyar na yi shi. Bambancin kawai, wancan karon kaya sun fito.

Bayan haka na bi wasu mata zuwa dutsen Atwea, inda masu bi daga kowace ɗariƙa suke hawa yin addu'a. Hawan kaɗai sai da gwiwoyina suka yi kwana huɗu suna ciwo. Kowa na kuka da ihu ta ko'ina, ni kuwa na zauna a kan dutse na rasa abin cewa. Na buɗe baki in yi addu'ar Ubangiji, da na iso wurin a aikata nufinka, sai maganar ta tsaya mini a maƙogwaro. Har yau nan take tsayawa. Ina tsoron in faɗa, a ɗauke ni da gaske.

Wani abin kunya, wadda ta fi kowa kwantar mini da hankali ba ma mai bi ba ce. Hajiyar da ke gidan kusa da mu, wadda take ba ni shinkafa bashi tun da abin ya faru ba ta taɓa tambaya ba, ita ce ta ga na rame ta zaunar da ni. Ta ce a addininsu an koya musu mutum ya ɗaure raƙuminsa tukuna sannan ya yi tawakkali. Ta ce, "Maman yara, ki ba shi maganinsa, ki yi addu'arki. Mai ciwon da mai maganin duk Ɗaya ne ya halicce su." Na koma ɗaki na ɗauko tsohon Littafi Mai Tsarki na babana, fassarar nan ta 1932 da Hausarta ke da nauyi, na nemo inda Ishaya ya sa aka ɗora wa sarki Hezekiya curin ɓaure a kan marurunsa, bayan Allah ya riga ya yi alkawarin warkar da shi. Ga shi nan kuwa a 2 Sarakuna sura 20. Wannan ya raba mini gardamar magani. Amma bai taɓa ainihin ciwon ba.

Fastonmu mutumin kirki ne, yana zuwa da jibin Ubangiji, wato gurasa da ƙoƙo na tunawa da Almasihu, har gida. Kullum maganarsa in yi haƙuri irin na Ayuba. Ban taɓa iya ce masa ba, amma Ayuba ai an mayar masa da ninki biyu a ƙarshe. Idan don ninki biyun zan yi haƙurin, ashe ban bar cinikin ba, ranar biya kawai na ɗaga. To, in ba a mayar ba fa? Bulus ya roƙa sau uku a cire masa ƙayar da ke jikinsa, ba a cire ba, aka ce alheri ya ishe shi. Abokan Daniyel uku sun tsaya a bakin tanderu suka ce Allahnsu yana da ikon cetonsu, kuma ko da bai cece su ba, ba za su durƙusa ba. Wannan "ko da" ɗin ce ba ni da ita, Baba Fasto. Ina karantawa ina jin kamar labarin wasu irin mutane ne dabam. Shin koyonta ake yi, ko kuwa ba wa mutum ake yi? In koyo ne, daga ina mai shekara 43 za ta fara, bayan ta gano cewa ginin da ta yi tun yarinta a kan riba yake tsaye?

Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne maigidan kansa. Kalmomin da yake iya furtawa ba su kai goma ba. Amma in yara suka ɗauko waƙar sujada da yamma, sai ka ji ya bi su, baiti bayan baiti, kalmomin suna fita sarai. Mai gashin ƙashi ta ce haka yake faruwa da wasu masu irin ciwonsa, waƙa tana saura bayan magana ta tafi. Ni dai fuskarsa nake kallo. Mutumin da ya zaga Nijar da Burkina da sitiyari a hannu, yau sai an ɗaga shi, amma in yana waƙar babu ɗigon fushi a tare da shi. Ni mai ƙafa biyu da hannu biyu ni ce nake cike da ƙorafi. Wani lokaci abin yana ƙarfafa ni. Wani lokaci, Allah ya gafarta mini, haushi yake ba ni.

Ɗana na biyu, mai shekara 15, ya daina rufe ido in ana addu'a. Na yi masa faɗa, ya ce, "Mama, shekara nawa ke nan muna roƙon abu ɗaya?" Na ɗaga hannu zan mare shi, sai na ga tambayata ce ta fito ta bakinsa. Me zan ce wa yaron nan wanda ba ƙarya ba?

Sai maganar ƙanwar mijina. Na san sai na je Tafo, ba sai an gaya mini ba. Abin da ban sani ba shi ne ko in faɗa mata dukan gaskiya, cewa na zarge ta da maita, ko in ba ta haƙuri kawai in bar sauran a cikina. A wajenmu wannan kalma ba ƙarama ba ce, tana iya kaiwa har ƙauye ta raba dangi. Haka nan zancen kwana taran: wajibi ne in furta wa shi maigidan da dattawan ikilisiya, ko ya isa tsakanina da Allah? Wata uku ke nan ina barin gurasa da ƙoƙo su wuce ta gabana ban karɓa ba, mata sun fara kallona.

Akwai kuma gaggawa. Yayan mijina ya aiko daga gida cewa ƙarshen watan nan zai zo ya tafi da shi ƙauye a duba wurin boka, tun da asibiti da majami'a sun gaza. Shi ne babba a gidansu, ni mata ce kawai. Ba na so, kuma na san shi ma maigidan ba zai so ba. Amma da wane baki zan hana, ni da na kai miliyan 43 wurin nawa bokan mai kwat da taye?

In za ka amsa a shirin, don Allah ka sa tawa a farko-farko, kafin ƙarfe tara. In ya wuce haka barci yake sace ni a kan kujera, ga tashin ƙarfe biyu. Zan sa rediyon kusa da gadonsa, shi ma ya ji.

'Yarka cikin Ubangiji,
Mai wake da shinkafa, Asawase, Kumasi