Rahoton ayyukan shekara ga 'yan zaman sauraren waƙoƙin mata, Kaduna

Assalamu alaikum iyaye, yayye da ƙanne.

Kwamiti ya ɗora mini rubuta abin da muka yi a bana kafin babban taro. Lissafin kuɗi yana hannun ma'aji, ita za ta karanta shi da bakinta ranar taron.

Zaman wata-wata ya ci gaba ranar Asabar bayan la'asar, muna zagayawa gida-gida tsakanin Tudun Wada, Unguwar Rimi, Kawo da Badarawa. Da azumi mun dakata. Dokokinmu biyu suna nan: in babba ta kawo waƙa sai yarinya ta kawo tata, kuma ba a katse waƙa sai ta kai ƙarshe. Ta biyun ce ta fi wahalar da iyayenmu, musamman in aka sako ta fiyano.

Zaman da ya fi cika shi ne na marigayiya Hajiya Sa'adatu Barmani Choge ta Funtuwa, wadda ta rasu a 2013. 'Yan matanmu sun san muryarta daga guntayen bidiyo a TikTok, amma ba su taɓa ganin kiɗan amada ido da ido ba. Wata Hajiya daga Kawo ta zo da ƙorai da baho, aka cika shi da ruwa, aka kife ƙwarya a kai, suka ji da kunnensu yadda amonta ya bambanta da na wadda aka kife a ƙasa. Daga nan gardama ta kaure. Wasu iyaye suka ce bakin Barmani da kaifi, akwai baitocin da ba a sakawa gaban yara. 'Yan mata suka ce, ashe ba a kanmu aka fara ba. Wata Gwaggo ta ce, "Ke 'yar nan, amada a cikin gida ake yinta, mata zalla, ranar suna ko biki. Taku kuwa har mai keke yana ji a bakin titi." Ba a raba gardamar ba. Abin da kowa ta amince da shi shi ne kiran da Barmani ta riƙa yi wa mata su kama sana'a.

Zaman Magajiya Dambatta ne ya sauya mana akalar aiki. Iyaye da dama sun haddace waƙarta ta jan hankalin mutane su sa yara makaranta, wadda ta yi tashe a rediyo a shekarun 1970, amma da aka tambayi sunan mai waƙar sai aka hau kallon juna. Ta makance a ƙarshen rayuwarta, ta shiga halin ƙunci har sai da jama'a suka yi mata karo-karo ta intanet, ta rasu a 2021. Allah ya jiƙanta.

Tun ranar muka buɗe babban littafi: kowace waƙa aka saurara sai an rubuta wace ce ta rera ta, daga ina take, da wane kiɗa. A ganina wannan ne aikin da ya fi kowanne amfani a bana, domin a nan ne kowane ɓangare ya gane yana buƙatar ɗayan. Iyayenmu da yawa sun ɗauka jarumar da ke motsa baki a fim ita ce mai waƙar. Yaran ne suka zauna suna rarrabe musu muryar Fati Nijar, 'yar Maraɗi, da ta Maryam A. Baba, da Maryam Fantimoti, da Murja Baba, da Zuwaira Isma'il. Su kuma yaran ba su san Uwaliya Mai Amada ba sai da aka ba su labarinta. Har finafinan Indiya abin ya shafa: akwai waɗanda suka yi shekara da shekaru suna jin Lata Mangeshkar, wadda ta rasu a 2022, sai bana suka san muryar mutum ɗaya ce a bakin jarumai daban-daban.

Batun kaset ya tafi a hankali. Mun tattara abin da aka kawo, an juye waɗanda suka yiwu zuwa memori. Wasu danshi ya riga ya cinye zarensu. Da yawa an naɗe su ne daga shirin Zaɓi Sonka na Rediyon Kaduna, babu rubutu a jikinsu, sai dai a kunna wa tsofaffi su faɗi ko wace ce. Rakoda mai lafiya guda ce tal a hannunmu, ta aro ce kuma. Duk wadda ke da wata a ɗakin ajiya ta taimaka.

Waƙoƙin daka, niƙa, raino da gaɗa ba su da kaset ko kaɗan, kuma tun da injin niƙa ya shigo kowace unguwa aka daina rera yawancinsu. Mun fara naɗar su daga bakin kakanninmu da waya. Wasu sun ce ba su yarda muryarsu ta hau intanet ba, kwamiti kuwa ya tsayar cewa ba za a tura ko ɗaya a kowane zaure na WhatsApp ba sai da izinin mai ita. Don Allah a kiyaye, domin da ƙyar muka shawo kan wasunsu.

Ziyarar da muka shirya kai wa Gidan Arewa, tsohon gidan Sardauna, ba ta yiwu ba saboda tsadar mota. Mun ɗage ta zuwa baɗi.

Abubuwa biyu ke jiran hukuncin babban taro: ko za a bar maza su riƙa halarta, tunda wasu 'ya'yanmu samari sun nema, da kuma wadda za ta riƙe littafin sunaye. Wadda ake bi kuɗin wata ta zo da shi. Mai kaset kuma ta rubuta sunanta a jiki kafin ta miƙa, domin akwai waɗanda har yanzu ba mu san masu su ba.

Wassalam.
Sakatariya, a madadin kwamiti