Jiragen da muke saya a Amurka da rayukan mutanen ƙauyukanmu

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, dan Allah a ba ni ɗan fili in faɗi abun da ke cina a rai kan cinikin makamai da ke tsakanin Najeriya da Amurka. Duk sanda aka ce Amurka ta amince za ta sayar mana da wani abu sai ka ga ana ta murna a Facebook, wasu har da cewa yanzu kam ƴan bindiga sun shiga uku, alhali kuɗinmu ne zunzurutu za mu biya kuma ba ƙananan kuɗi ba. Ko a watan Agustan 2025 an sanar cewa ma'aikatar harkokin wajensu ta amince a sayar mana da bama-bamai da rokoki na dala miliyan 346, to kafin mu tafa ya kamata mu tuna yadda wannan hulɗa ta faro da kuma kan wa waɗannan bama-bamai suke sauka wani lokacin.

Duk wanda ya yi wayo a 2014 ya san irin halin da muka shiga. A watan Afrilu aka kwashe ƴan matan Chibok, kafin shekara ta ƙare Gwoza ta faɗi, Bama ta faɗi, Mubi ma ta faɗi, mutane na gudu da ƙafa suna tsallakawa Kamaru. A wannan tsaka mai wuyar ne gwamnatin Jonathan ta nemi sayen jirage masu saukar ungulu samfurin Cobra daga hannun Isra'ila, Amurka ta ce a'a, tunda ƙirarta ne ba a sayar wa kowa sai da izininta. Dalilin da suka kawo shi ne zargin take haƙƙin ɗan Adam da ake wa sojojinmu a arewa maso gabas. Jakadanmu na lokacin a Washington, marigayi Adebowale Adefuye, ya fito fili ya soki Amurka, daga baya ma Najeriya ta soke horon da sojojin Amurka ke ba wata bataliya tamu. Da ƙofar gaba ta rufu sai aka bi ta baya, aka koma hannun dillalai, a nan ne muka ji kunyar duniya a watan Satumban 2014 lokacin da Afirka ta Kudu ta kama tsabar kuɗi dala miliyan 9.3 a cikin jirgi ɗan haya a Johannesburg aka ce wai na sayen makamai ne. Daga baya kuma ga badaƙalar dala biliyan 2.1 ta ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro wadda aka yi ta jeka-ka-dawo a kotu a kanta, a daidai lokacin da yaranmu a fagen daga ke kukan babu kayan aiki.

Da marigayi Buhari ya hau, a watan Yulin 2015 ya je Washington ya faɗa musu a gabansu cewa yadda suke amfani da dokar nan tasu ta Leahy, wadda ta hana su taimaka wa duk rundunar da aka samu sahihin bayani cewa ta ci zarafin mutane, ƴan Boko Haram take taimakawa. Wallahi a lokacin mutane da yawa a arewa sun ji daɗin maganar, kuma akwai gaskiya a cikinta. Aka fara maganar jiragen Super Tucano, ana cikin haka sai ga abun da ya faru a Rann ta ƙaramar hukumar Kala Balge ranar 17 ga Janairun 2017, jirgin sojin samanmu ya jefa bam a sansanin ƴan gudun hijira, mutum sama da 100 suka rasu har da ma'aikatan agaji na Red Cross da suka je rabon abinci. Gwamnatin Obama da take dab da sauka ta dakatar da cinikin. Trump yana hawa ya buɗe, a watan Agustan 2017 aka amince da sayar da jirage 12 kan kuɗi har dala miliyan 593, a 2018 aka ciri dala miliyan 496 daga asusun rarar man fetur aka biya tun kafin Majalisa ta amince, sanatoci suka yi ta hayaniya ta wuce. Jiragen nan ba su iso ba sai 2021, shida a watan Yuli sauran shidan daga baya, aka kai su Kainji.

Malam Edita ka duba wannan lissafi da kyau. Tsakanin ranar da Obama ya ce a dakata da ranar da Trump ya ce a sayar, me ya canza a yadda sojin samanmu ke tantance inda za su jefa bam? Wa aka hukunta kan Rann? Abun da ya canza kawai shi ne mutumin da ke zaune a Fadar White House. Wannan shi ne abun da nake so ƴan uwana su gane, Amurka ba don Allah take hana mu ba kuma ba don Allah take ba mu ba, siyasarta ce ta cikin gida da lissafin kamfanoninta, domin jiragen nan a Jacksonville ta jihar Florida aka haɗa su, aikin yi ne ga mutanensu. Ƙasar da take ba Isra'ila tallafin soji na dala biliyan 3.8 duk shekara duniya na kallon abun da ake yi a Gaza, ƙasar da bama-bamanta suka yi ta sauka a Yaman ta hannun Saudiyya, ba ita ce za ta zama mana ma'aunin tausayin farar hula ba.

Haka aka sake yi da jirage masu saukar ungulu samfurin Viper guda 12. A 2021 wasu sanatocin Amurka suka riƙe cinikin saboda abubuwa irin na Lekki lokacin zanga-zangar EndSARS, a watan Afrilun 2022 kuma aka sake shi kan dala miliyan 997, sai a 2024 aka ba kamfanin Bell kwangilar ƙera su. Shekaru kenan suna tafiya, mutanen Zurmi da Shinkafi da Sabon Birni da Birnin Gwari kuwa ba shekaru suke ƙirgawa ba, dare ɗaya ma in ya wuce lafiya sai sun yi hamdala.

Kuma sayen jirgin yaƙi ba a gama shi ranar da aka biya kuɗi. Kamar ka sayi injin ban ruwa ne a hannun mutumin da shi kaɗai ke da kayan gyaransa, shi kaɗai ya san makanikensa, kuma shi zai ce maka ga gonar da za ka shayar ga wadda ba za ka shayar ba, ranar da kuka ɓata kuwa sai injin ya zama ƙarfe a tsakar gida. Matuƙan Tucano ɗinmu a sansanin Moody na jihar Georgia aka horar da su, bama-baman da jiragen ke ɗauka daga can suke zuwa, kayan gyara daga can. Mun tuna a ƙarshen 2021 yadda aka yi ta rahoto cewa ba za a iya amfani da su kan ƴan bindigar arewa maso yamma ba sai an ayyana su a matsayin ƴan ta'adda, har sai da babbar kotun tarayya a Abuja ta yanke hukuncin hakan a watan Nuwamba gwamnati ta wallafa shi a Janairun 2022. Kuma ba mu kaɗai ake yi wa ba. Pakistan ta biya kuɗin jiragen F-16 guda 28, a 1990 Amurka ta riƙe su saboda shirinta na nukiliya. Turkiyya da take cikin ƙungiyar NATO tun 1952 an fitar da ita daga shirin jirgin F-35 a 2019 don ta sayi makamin kariya na S-400 a hannun Rasha. In an yi wa waɗannan haka mu su wa?

To amma ga inda nake rabuwa da masu cewa ai shikenan mu bar Amurka mu koma wajen China da Turkiyya da Rasha tunda su ba sa tambaya. Gaskiya ne muna saye a can, mun karɓi jiragen yaƙi samfurin JF-17 guda uku daga Pakistan a 2021, ga masu saukar ungulu samfurin T129 daga Turkiyya, ga jirage marasa matuƙi daga China da Turkiyya, kuma ban ga laifin raba ƙafa ba, tun lokacin yaƙin basasa ma da turawan yamma suka yi ta jan ƙafa Tarayyar Sobiyet ce ta ba gwamnatin Gowon jiragen MiG. Sai dai wannan rashin tambayar da ake yabo, a kanmu yake ƙarewa. Daren 3 ga Disamban 2023 mutanen Tudun Biri a ƙaramar hukumar Igabi sun taru suna Mauludi, maza da mata da yara ƙanana, jirgi mara matuƙi na sojin ƙasa ya sako musu bam, waɗanda suka tsira sun ba da labari cewa suna cikin kwasar gawarwaki da jan masu rauni sai na biyu ya sake sauka a kansu. Hukumar agajin gaggawa ta ce mutum 85 aka binne, wasu sun ce adadin ya haura haka, masu rauni aka cika asibitin Barau Dikko da su, akwai gidan da aka wayi gari kusan babu kowa. Wannan ba Tucano ba ne, ba kuma jirgin Amurka ba ne, babu wani sanata a Washington da zai riƙe wata takarda saboda shi. Kafin nan a Janairun 2023 an yi a yankin Doma na Nasarawa kan makiyaya, bayan nan ranar Kirsimetin 2024 an yi a Silame ta Sakkwato, a Janairun 2025 aka yi a Tungar Kara ta Zamfara kan mutanen da suka fito kare garinsu. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Yau a wasu ƙauyuka in aka ji ƙugin jirgi uwa ba ta san ko ta yi murna ba ko ta ja ƴaƴanta ɗaki, ga ƴan bindiga a daji ga kuma tsoron abun da ke sama.

Ba wai ina zagin sojojinmu ba ne, Allah ya sani, ƴaƴan talakawa ne irinmu kuma suna mutuwa a dajin nan don mu kwana, matuƙan jiragen ma sun ceci garuruwa da dama. Abun da nake cewa shi ne tambayoyin nan da muke jin haushi in Bature ya yi mana su, wa ya ba da umarni, wane bayanin sirri aka dogara da shi, wa aka hukunta, nawa aka biya diyya, mu ya kamata mu riga kowa yin su domin mu ne muke binne gawar. Abun takaici ne a ce sai ɗan majalisar wata ƙasa ya riƙe takardar ciniki sannan za a tuna ran mutumin Rann yana da daraja, mu kuma namu ƴan majalisar daga arewa da suka fi yawa a zauren sai dai su je jaje su ba da gudummawa a ɗauki hoto, bayan sati biyu an shiga wata maganar. An ce an kafa bincike kan Tudun Biri, a 2024 hedikwatar tsaro ta ce wasu jami'ai biyu za su fuskanci kotun soji, to a fito da cikakken rahoton mana mu karanta, a fassara shi da Hausa a karanta a rediyo mutanen garin su ji da kunnensu.

Sannan ga maganar DICON, masana'antar ƙera makamai ta gwamnati da ke Kaduna, wadda in na tuna ta sai raina ya ɓaci. A 1964 aka kafa ta. Kamfanin Embraer na Brazil da ya ƙirƙiro Super Tucano ɗin nan da muka yi shekaru muna roƙo, a 1969 aka kafa shi, wato ƙanin DICON ne da shekara biyar. Turkiyya da muke layi a ƙofarta yau, takunkumin makamai da Amurka ta ƙaƙaba mata a 1975 kan rikicin Cyprus shi ne ya zaburar da ita ta kafa kamfanin kayan tsaro na Aselsan a shekarar ta fara dogaro da kanta. Mu an hana mu a zamanin Abacha bayan rataye Ken Saro-Wiwa, an hana mu a 2014, an dakatar da mu a 2017, an riƙe mu a 2021, amma duk sanda aka buɗe ƙofa sai mu manta mu koma layi. Hausawa sun ce guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni. Ba na cewa gobe za mu ƙera jirgin yaƙi, amma harsashi da sulke da motoci masu sulke da ƙananan jiragen leƙen asiri ai ba su fi ƙarfinmu ba, ga yaranmu na ABU da BUK da makarantar sojin sama ta Kaduna suna kammala injiniya suna zaman jiran aiki. Shugaba Tinubu ya sa hannu a sabuwar dokar DICON a 2023, muna so mu ga abun da ta haifar a ƙasa, mu ji nawa ake ware mata in aka kwatanta da abun da ake fitarwa waje.

Yanzu ga shi a ƙarshen Oktoban 2025 Trump ya sake saka mu a jerin ƙasashen da ya ce ana tauye ƴancin addini, washegari kuma ya yi barazanar shigowa da ƙarfin soji, mutumin da shi ne ya sayar mana da Tucano ya karɓi Buhari a fadarsa a 2018. Maƙwabtanmu na Nijar kuwa sun sallami sojojin Amurka daga sansanin Agadas a 2024, su ma tsaronsu bai gyaru ba. Don haka ni ba na kiran a yanke hulɗa, muna buƙatar kayan kuma za mu ci gaba da saye. Roƙona ga kwamitocin tsaro na Majalisar Dattawa da ta Wakilai shi ne kafin a saki ko dala ɗaya kan bama-baman nan na miliyan 346 su kira ministan tsaro da hafsoshi a bainar jama'a su faɗa mana sharuɗɗan da ke cikin yarjejeniyar, yaushe kayan za su iso, shekara nawa aka lamunce mana kayan gyara, sannan su sa a doka cewa duk harin da ya faɗa kan farar hula dole a fitar da rahotonsa cikin ƙayyadadden lokaci a biya iyalai diyya, ko jirgin na Amurka ne ko na China ko na Turkiyya. Ku ma ƴan jarida dan Allah ku tura wakilinku Tudun Biri da Rann ya zauna da marayu da zawarawan ya tambaye su me ya iso hannunsu cikin alƙawuran da aka yi musu, ku buga mana.

Na gode, Allah ya ƙara wa jaridar nan ɗaukaka.

Naku,
Mai karatu daga Rigasa, Kaduna