Amsa ga Mahaifin da Ya Tambaye Ni Ko Na'ura Ta Fi Malami Riƙe Hankalin Yara

Malam,

Bayan gaisuwa da fatan alheri. A taron iyaye da malamai da aka yi kwanakin baya, ka miƙe a gaban jama'a ka tambaye ni cewa, tunda ɗanka yakan shafe awa uku a kan waya ko ƙiftawa ba ya yi, amma ba ya iya minti goma a kan littafi, me zai hana a mayar da karatun gaba ɗaya cikin na'ura kowa ya huta? Lokaci bai ba ni damar amsa maka yadda ya kamata ba a ranar, kuma da yake a bainar jama'a ka yi tambayar, na ga ya dace amsar ma ta fito fili.

Bari in fara da abin da ya faru a ajina. Wata rana na nuna wa ɗalibai bidiyon yadda zuciya ke harba jini, ana ganin ɗakunanta huɗu suna matsewa suna saki. Ajin ya yi tsit, ko tari ba ka ji, na tashi aiki raina fes. Washegari na tambaye su dalilin da ya sa bangon ɗakin ƙasa na hagu ya fi na dama kauri, sai aka rasa mai ɗaga hannu, alhali bidiyon ya faɗi amsar ƙarara, cewa na hagu shi ke tura jini zuwa ko'ina a jiki, na dama kuwa iyakarsa huhu. A ranar na gane cewa idon yaro yana iya kafewa a kan abu ba tare da ƙwaƙwalwarsa ta yi aikin komai ba. Shirun da na ɗauka natsuwa ce, ashe shirun 'yan kallo ne. Awa ukun da ɗanka ke yi irin wannan ne, domin manhajojin da yake kallo an ƙera su ne don kada ya ajiye wayar, kuma babu inda suke neman ya wahalar da tunaninsa.

Wannan fatan naka ba sabo ba ne. Tun a 1913 Thomas Edison, Ba'amurke mai ƙirƙire-ƙirƙire, ya yi hasashen cewa fim zai kori littattafai daga makarantu ba da jimawa ba. A 2005 wani masanin fasaha Ba'amurke, Nicholas Negroponte, ya fito da shirin bai wa kowane yaro kwamfutar tafi-da-gidanka, ƙasar Peru ta raba ɗaruruwan dubbai, amma binciken da Bankin Raya Ƙasashen Nahiyar Amurka ya fitar a 2012 a kan makarantun karkara 319 bai ga wani ƙari a sakamakon lissafi ko na harshe ba. Rahoton 2015 na ƙungiyar haɗin kan ƙasashe kan tattalin arziki da ci gaba, wato OECD, ya nuna cewa ɗaliban da ke amfani da kwamfuta jifa-jifa a makaranta sun ɗan ɗara waɗanda da ƙyar suke taɓa ta, amma waɗanda suke yini a kanta sun fi kowa rauni.

Kada ka ɗauka gaba nake yi da na'ura, domin na san inda take yin abin da ya fi ƙarfina. Malamin da ke gaban yara masu yawa ba zai iya sanin inda kowannensu ya maƙale a lokaci guda ba, kuma yaron da darasi ya wuce kansa shi ne yakan fara hamma da leƙen taga. A birnin Delhi na Indiya an gwada wata manhaja mai suna Mindspark, wadda takan fara gano ainihin matakin da ɗalibi yake, ko da ya gaza na ajinsa da shekaru, sannan ta riƙa jefa masa tambayoyi daidai ƙarfinsa tana nuna masa kuskurensa nan take. Cikin kimanin wata huɗu da rabi yaran suka zarce takwarorinsu a lissafi da harshen Hindi. Abin lura shi ne manhajar ba ta barin yaro ya zauna ya zuba ido, dole sai ya ba da amsa, kuma akwai malami da ke zama da su rukuni-rukuni bayan sun tashi daga kan na'urar.

Ni ma haka na gyara nawa aikin. Da na sake koyar da darasin zuciya, sai na sa kowa ya fara zana hanyar da yake zaton jini ke bi, na kunna bidiyon ina tsayar da shi ina tambayar abin da zai biyo baya, daga ƙarshe na kashe allon na ce kowa ya sake zanen da ka. Ajin ya cika da gardama, har wata yarinya ta goge takardarta sau uku kafin ta yarda cewa jini sai ya biya ta huhu ya dawo. Bayan mako guda yawancinsu suna tune da amsar.

Game da wayar hannu a cikin aji kuwa, ra'ayina ya zo ɗaya da na Faransa, wadda ta hana ta a makarantun firamare da ƙananan sakandare tun 2018, saboda saƙo ɗaya ya isa ya tsinke zaren tunanin da aka sha wuya kafin a ƙulla. Akwai kuma hakkin waɗanda ba su da na'urar, domin a lokacin annobar korona a 2020 asusun UNICEF ya ƙiyasta cewa aƙalla yara miliyan 463 ba su samu karatun nesa ba, kuma ba zan goyi bayan tsarin da zai bar irinsu a baya ba.

Roƙona gare ka shi ne, a daren yau idan ɗanka ya gama kallon wani darasi a waya, ka sa ya kife ta, ya yi maka bayanin abin da ya gani da bakinsa, ka kuma tambaye shi dalili sau ɗaya ko biyu. Abin da ka ji, ka zo da shi taro na gaba mu tattauna a gaban sauran iyaye.

Naka,
Malamin kimiyyar ɗanka